Kalangun Gwadabe a Layi na Ɗaya

Haɗeja,
Farkon watan Maris.

Zuwa ga Malam Gideon,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Mama Hannatu da su Precious. Yaya Kafancan, yaya zaman fansho? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara kankama.

Na san za ka ce yaron nan bai taɓa ɗaukar biro ba sai da ta ƙure masa. Ban musa ba. Zancen ya fi ƙarfin waya, aikin kuma ya yi wa sabis ɗinmu nauyi, shi ya sa na ba Haruna direban motar kifi wannan takarda da memori a ciki.

Ka ji labarin ciwon Baba tun damina. Alhamdu lillahi baki ya dawo, ƙafa tana takawa, hannun dama garau. Hagun ne dai ya ƙi. Kai kuwa ka san kalangu: dama ke bugu, hammatar hagu ke matse tsarkiya ta sa shi magana. In babu hammata, kalangu da gwangwani duk ɗaya ne.

Ga shi gayyar kacala ta matso. Ciyawar nan ta sake toshe hanyar ruwan ƙauyenmu na bayan Guri, har kwalekwale ba ya wucewa. In ba a sare ta kafin ruwa ya iso ba, gonakin shinkafa na sama su nutse, na ƙasa su bushe. Tun kafin a haife ni Baba ke zama a kwalekwale yana yi wa masu sara kiɗa, kowa da takensa. Bana Kawu Inuwa, shugaban gayyar, ya zo har gida cikin ladabi ya ce za su ɗauko makaɗi daga Kirikasamma. Baba ya ce, "Allah ya sa a yi lafiya." Tun ranar bai sake leƙa ƙofar gida ba. Ƙanwata Sadiya ta ce ko abinci sai ta tsaya a kansa. Wannan ne ya hana ni sukuni, Malam.

Sai na ce bari in gwada abin da ka koya mini. Na kwaso kalangunsa da kuntukunsa da gangarsa na kawo shagona na situdiyo, na naɗi bugun kowanne na zuba a manhaja, yadda in na taɓa fiyano fatar Baba ce ke amsawa. Taken mutane kuwa a kunnena suke tun ina ƙarami, ko da yake hannuna bai taɓa iya su ba. Na bi su da ɗan wilin nan na gefen fiyano mai lanƙwasa sauti, shi ya tsaya a madadin hammata. Nufina ranar gayya a ɗora lasifika a kwalekwale, Baba ya zauna kusa, a ji kiɗansa. Na tuna ka taɓa cewa a MIDI layi na goma na ganguna ne, sai na tara su duka ukun a na goma, ina ta yaba wa kaina.

Na goya kwamfuta a babur na kai masa. Ya saurara kaɗan, ya ɗaga hannu ya ce, "Kashe." Na kashe. Ya ce, "Wa ya ba kuntuku izinin magana?" Na ce ban gane ba. Ya ce, "Kalangu na kiran mutum, kuntuku na kwaikwayonsa, ganga ma ta sa baki. Da yaron kiɗa ne ya yi mini haka, da ya koma gida a ƙafa. Babba ke magana, yara su riƙe masa ƙasa." Daga nan ya juya fuska bango.

Da na sake saurara, gaskiyarsa. Duk inda na lanƙwasa kalangu sai sauran biyun su biyo shi suna mele-mele. Na goge na sake, na kashe kwamfuta na kunna, har addu'a na tofa mata. Don Allah ka duba mini inda na ɓata.

Busasshiyar tarwaɗar da ke cikin kwali ta Mama ce. Ka huta lafiya.

Ɗalibinka,
Rilwanu Gwadabe.


Kafancan,
Tsakiyar Maris.

Ɗana Rilwanu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da dukan gida. Saƙonka ya iso, kifi ma ya iso, Hannatu tana godiya, ta ce ka fi malaminka sanin ya kamata. Labarin Baba Gwadabe ya taɓa ni ƙwarai. Shekarun da na yi ina koyarwa a Guri shi ke ɗaure wa majami'armu fatar ganguna, kuma bai taɓa miƙo mini ɗaya ba sai ya tsayar da ni ya gyara mini riƙon gula, sandar bugu. Muna sa shi a addu'a.

Na buɗe aikinka na yi dariya har Hannatu ta leƙo ta ga ko lafiya. Na ce layi na goma na ganguna ne, kuma ban janye ba. Amma gangunan Turawa ake nufi, waɗanda bugu kawai ake yi musu. Masu ware layin ba su yi tunanin gangar da ke kiran mutum da sunansa ba.

Bari in maimaita maka darasin da ka yi barci a cikinsa. MIDI ba sauti ba ne, saƙo ne kawai: buga wannan, saki wancan, lanƙwasa haka. Saƙon yana bin layi, layukan kuma goma sha shida ne. Saƙon wili ba ya ɗauke da sunan kalangu ko kuntuku, lambar layi kaɗai ya sani. Kai ɗan fadama ne, ka san in aka buɗe ruwa a magudana ɗaya, duk fangalin gonar da ke kanta sai ya sha, ko mai shi ya so ko bai so ba. To kai ka jera ganguna uku a magudana ɗaya, ka saki ruwa, kana mamaki.

Ga abin yi. A cikin manhajar da ka zuba gangunan, kowacce tana da ɗan gurbi inda ake zaɓa mata layin da za ta saurara. Ba kalangu layi na ɗaya, kuntuku na biyu, ganga na uku. Kada ka bar ko ɗaya a zaɓin nan na sauraron duka layuka, don nan ne 'yan sa-baki ke ɓuya. Sai ka koma inda ka rubuta kiɗan, ka raba shi gida uku, kowane gida ya aika zuwa lambar gangarsa. Lanƙwasar wili ta zauna a na ɗaya kaɗai, ka share ta daga sauran.

Abu ɗaya kuma da ba ka tambaya ba. Wilinka gajere ne. An saita shi don fiyano, taki biyu sama taki biyu ƙasa, alhali hammatar Baba tana zuwa nesa da haka. Ka faɗaɗa shi a layin kalangu, ka yi ta ƙarawa har kunnenka ya ce ya isa.

Da gangan ban gyara maka ba. Na mayar da memori yadda ya zo, don ranar gayya ba ni ne zan zauna a kwalekwale ba.

Ka gaishe mini da Baba da kyau, ka ce masa maƙwabcinsa na dā yana tambayar jiki. Allah ya ƙara sauƙi.

Malaminka,
Gideon.


Haɗeja,
Ƙarshen Maris.

Malam,

Gaisuwa da fatan alheri, a gaishe da Mama. Darasi ya shiga wannan karon, ido biyu na karɓe shi. Na raba su kamar yadda ka ce. Da na kunna, kuntuku ya kama bakinsa, ganga ta tsaya a ƙasa daram, kalangu shi kaɗai ke yawo a sama. Ni kaina ji na yi kamar Baba na cikin shagon.

Na goya kwamfuta da fiyano na koma Guri da ƙarfin gwiwa. Wannan karon bai ce a kashe ba. Ya saurara har ƙarshe, yatsunsa na motsi a kan cinya, har na ga murmushi lokacin da taken Sama'ila mai dogon wuya ya zo. Da ya ƙare na dube shi ina jiran yabo. Ya ce, "Kiɗan ya yi. Yara sun yi ladabi. Amma ba shi da ido."

Sai ya gyara zama ya yi mini bayanin da bai taɓa yi mini ba. Ya ce shi ba jera take yake yi ba, kallon ruwa yake. In ya ga addar mutum ta fara nauyi, shi zai kira, mutumin ya ɗaga adda ya yi kururuwa ya koma da sabon ƙarfi. Wanda ke gaba yana zabga sara ba a kiran sa, kada a zuga shi ya sare ƙafarsa. In mutum biyu ba sa ga-maciji, sai ya jera takensu baya da baya, su huce a kan ciyawa. Wanda ya zaga bayan kacala don uzuri kuwa, in ka kira shi ka tona masa asiri a gaban gari. Ya ce, "Naka zai kira Sama'ila ko da Sama'ila yana gida yana zazzaɓi." Babbar kuma ita ce, in ya ƙirga kawuna ya ga ɗaya ya ɓace a zurfi, tsayar da kiɗa yake yi cak, shirun nan shi ne ƙararrawa. Kwamfuta kuwa sai dai ta ci gaba da rangaɗa kiɗanta.

Gaskiyarsa ce, Malam. Ina ganin zan haƙura, mutumin Kirikasamma ya zo ya yi aikinsa, wannan kuma mu ajiye shi don tarihi.

Amma ban yi asara duka ba. Rabon da in ji Baba ya yi doguwar magana haka tun kafin ciwon, kuma Sadiya ta ce ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Yana maganar ma hannunsa na dama na kan fiyanon, yana ƙwanƙwasa faifan robar nan masu faɗi da ke sama, yana cewa wannan fata ta wace dabba ce ba ta da rai haka. Na gode da wahalar da na ba ka.

Naka,
Rilwanu.


Kafancan,
Farkon Afrilu.

Rilwanu,

Gaisuwa a taƙaice, don Haruna yana tsaye da mota yana mini hon.

Kada ka ajiye komai don tarihi. Na karanta wa Hannatu wasiƙarka tana tsinke alayyafo, da na kai ƙarshe sai ta ce, "Ni ban gane wahalarku ba. Kalangu hannu biyu yake nema, tsakanin uba da ɗa akwai lafiyayyu uku." Na buɗe baki zan yi mata bayanin fasaha, sai na rufe.

Baba yana da ido, yana da dama. Kai kana da kunne, kana da wili. Share duk abin da ka rubuta a layi na ɗaya, ka bar shi fanko, a buɗe, yana jiran abin da za a buga a lokacin. Kuntuku da ganga su yi ta zagayawa a na biyu da na uku daga kwamfuta, su dama aikinsu riƙe ƙasa ne. Baba ya bugi faifan roba, kai ka matse masa da wili. Yatsanka ɗaya kuma ya zauna kusa da maɓallin tsayarwa, saboda shirun nan da ya faɗa.

Ka kula da tarko guda. A yawancin fiyano irin naka, faifan roba suna aikawa ta layi na goma tun daga kamfani, wili kuma ta na ɗaya. In ba ka shiga saitin fiyanon ka mayar da faifan na ɗaya ba, Baba zai yi ta bugu kalangu bai ji ba, kai kuma kana lanƙwasa iska. Wannan karon so muke ku haɗu a layi guda.

Ban san ko zai yarda ba. Mutumin da ya saba riƙe kalangunsa shi kaɗai ba lalle ya so a raba masa shi biyu ba. Kada ka roƙe shi. Ka haɗa kayan a gabansa, ka buga taken wani ba daidai ba, ka ga ko zai iya daurewa.

Allah ya ba da sa'a. A gaishe da Baba da Sadiya.

Gideon.


Guri,
Tsakiyar Afrilu.

Malam,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ka ce wa Mama Hannatu daga yau ita ce malamar, kai mataimaki.

Daga Guri nake rubutu, na rufe shago na tare a nan. Na bi shawararka. Na shimfiɗa kaya a tsakar gida, na saki kuntuku da ganga, na kama taken Kawu Inuwa na yi masa kisan gilla. Ban kai rabi ba na ji takun sanda. Baba ya tsaya a kaina ya ce, "Inuwa ya yi maka wani laifi ne?" Ya ture hannuna daga faifan ya zauna.

Tarkon da ka faɗa kuwa sai da na faɗa cikinsa, duk da gargaɗin. Ya buga, shiru. Ya sake bugawa, shiru. Ya dube ni, na dubi fiyano. Sai na tuna, na shiga saiti na mayar da faifan layi na ɗaya. Bugun farko da kalangunsa ya amsa masa, ya daɗe yana kallon hannunsa. Sadiya ta shige ɗaki da sauri, wai hayaƙi ne ya shiga mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Yanzu kullum da hantsi muna kai. Ya ƙi bugu da yatsa, ya sa na naɗe kan gularsa da tsumma don kada ta fasa robar. Kafin kowane take yakan faɗi sunan mutumin ƙasa-ƙasa, ni kuma in shirya wili. Ashe abin da ke kunnena rabi ne. Na san inda sauti ke hawa, ban san cewa matsewar tana riga bugun da ɗan ƙiris ba, sakin kuma a hankali ake yi kamar ajiyar numfashi. In na makara, gular nan a bayan hannuna take sauka. Hannun ya kumbura, kuma ban taɓa jin daɗin duka irin wannan ba.

Shekaranjiya Kawu Inuwa yana wucewa a babur ya ji takensa daga bayan katanga. Ya taka birki har ya kusa kifewa, ya shigo ko sallama bai gama ba. Ya tsaya yana kallon mu biyu a kan abu ɗaya. Baba ya ƙara masa wani zagaye, sai ga Kawu Inuwa ya ɗaga hannu sama kamar da adda a ciki.

Sai dai bai yanke magana ba. Ya ce an riga an yi wa mutumin Kirikasamma alkawari, kuma yana tsoron na'ura a kan ruwa: in batir ya mutu fa, in ta jiƙe fa, mutane na tsakiyar kacala? Bai yi ƙarya ba. Abin da aka tsayar shi ne mu fara da safe, baƙon yana nan kusa da kalangunsa, in muka yi tuntuɓe ya karɓa. Na ari batirin sola na mai cajin waya, na ɗinka wa kwamfuta rigar leda, na gwada lasifika daga wannan gaɓa zuwa waccan. Baba kuwa ya aika a wanke masa babbar rigarsa ta kiɗa.

Gayya ranar Asabar ce. Ina jin tsoro, Malam, ba don kaina ba. In abin ya tsaya a gaban mutane, ban san yadda zan dube shi ba. Ku sa mu a addu'a.

Ɗalibinka,
Rilwanu.


Guri,
Bayan gayya.

Zuwa ga maƙwabcina Malam Gideon,

Ni ne Gwadabe. Sadiya ke rubutawa, ni ke faɗa. Ina gaishe ka, ina gaishe da maiɗakinka, Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a.

An yi gayya. Na shiga kwalekwale da safe, ban fito ba sai da ruwa ya wuce. Na kira kowa a lokacinsa, kowa ya amsa. Sau ɗaya na tsayar da kiɗa, yaron ya tsayar da nasa tare da ni, aka duba aka ciro Sama'ila daga rami, ya sha ruwa kaɗan, ya koma sara. Mutumin Kirikasamma ɗan kirki ne. Ya saurara, ya rataye kalangunsa, ya shigo ya riƙe mana laima.

Ɗalibinka har yanzu yana saurin saki, amma ana gane magana. Mutanen gari sun sa masa suna Hammatar Gwadabe, kuma yana amsawa.

Na ji daɗi, Malam. Ban zaci zan sake ganin adda ta tashi saboda ni ba.

Mutanen ƙauyen gaba sun aiko, tasu gayyar na tafe. Na ce musu ni a shirye nake, sai dai su je Haɗeja su tambayi hammatata.

Wassalam.

Gwadabe Makaɗi.